Ba 'Yar Rakiya Ba Ce

Tun ranar farko da uwa da 'ya suka shigo aikin sa kai ake gane inda tafiyar ta dosa. Uwa ce a gaba, 'ya na biye da ita riƙe da jaka. A tambayi yarinya sunanta, uwa ta amsa. A tambaye ta aji nawa take, uwa ta amsa. A ce wane aiki take sha'awa, uwa ta ce, "Ai kowanne kuka ba ta za ta yi, ba ta da ƙiwa." Ita kuwa yarinyar idonta na ƙasa, tana wasa da yatsunta. In aka bar abin a haka, kafin wata uku an daina ganinta. Yau ciwon kai, gobe jarrabawa, jibi barci ya kwashe ta. Uwar ta ci gaba da zuwa ita kaɗai, tana ba da haƙuri a madadinta kamar yadda ta saba amsawa a madadinta.

Mu masu wannan shaida iyaye mata ne da 'ya'ya mata da muka daɗe muna aikin sa kai tare a ƙungiyar taimakon al'umma, kuma mun ga wannan shigowar ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Abin da ido ya nuna mana shi ne, yarinya ba ta zama a aikin da aka kawo ta kallo. Tana zama ne in akwai abin da yake hannunta ita kaɗai, wanda in ba ta zo ba zai tsaya, kuma kowa ya san ita za a tambaya. Wannan ya fi wuya ga uwar fiye da 'yar, domin a wurin aiki dole ta ajiye rabin ikon da take da shi a gida.

Tsarin ba sabo ba ne. A Amurka akwai ƙungiyar National Charity League, wadda tushenta ya faro a birnin Los Angeles a 1925. Uwa da 'ya suke shiga tare, tun yarinya tana aji 7 har ta kammala aji 12, wato shekara shida. Abin dubawa a nan tsawon lokacin ne. Rabon kaya na rana ɗaya a shekara yana da amfaninsa, amma ba ya koya wa kowa komai. Shekara shida kuwa ta isa yarinyar da ta fara da ninke tufafi ta kai ga tsara aikin mutum ashirin.

A ƙungiyarmu takardar shiga biyu ce, ba ɗaya ba. Uwa ta cike tata, 'ya ta cike tata da hannunta, a wani gefe dabam. A takardar yarinya ana tambayar kwanakin da take da sarari, watannin jarrabawarta, abin da ta iya, da abin da ba ta son a sa ta. Tambayar ƙarshen nan ita ce mai tsada. Wata ba ta iya ganin jini, wata tana jin tsoron tsofaffi masu rikicewar tunani, wata ba ta son magana a gaban jama'a. In ta rubuta, a girmama. Uwar kuma tana sa hannu a kan izini, tare da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru da duk wani ciwo da yarinyar take da shi, kamar asma ko rashin jituwa da wani abinci. Shekara 11 ko 12 ne lokacin da ya fi dacewa a fara. Ƙasa da haka wasa ne ya fi yawa, sai uwa ta koma raino a maimakon aiki.

Sai abin da sababbin iyaye suka fi ƙi, wanda kuma shi ne ya fi aiki: a watanni ukun farko ba a haɗa uwa da 'yarta a teburi ɗaya. Tare za su zo, tare za su koma, amma a wurin aiki musaya ake yi. 'Yar wannan ta koma ƙarƙashin waccan. Dalilin a fili yake. Uwa tana gyara wa 'yarta kuskure da dukan tarihin gida a bakinta. In yarinya ta ninke riga ba daidai ba, sai maganar ta koma kan ɗakinta da ba ta share ba tun shekaranjiya. Amma 'yar wata, sai ka ji murya ta yi laushi: "'Yata, kawo in nuna miki, ta nan ake fara kamawa." Ita ma yarinyar da take kumbure-kumbure in uwarta ta yi magana, sai ga ta tana cewa "To, Mama" da ladabi. Kowace uwa tana hango 'yarta daga nesa tana yin abin da ta rantse ba za ta iya ba. Bayan wata uku a haɗa su, sai a tarar kowacce ta ɗan sake ganin 'yar'uwar tafiyarta da wani ido.

Aikin da ya fi dacewa a fara damƙa wa yarinya shi ne littafin sito. Manya sukan raina shi, alhali nan ne ƙungiyoyi suke mutuwa. Littafi ne mai bango mai ƙarfi, an sa wa shafukansa lamba tun daga farko don kada a yage ɗaya ba a sani ba. Shafin hagu na abin da ya shigo: kwanan wata, sunan kaya, yawansa, wanda ya kawo, ranar da zai lalace, da wadda ta karɓa. Shafin dama na abin da ya fita, da gidan da aka kai wa, da wadda ta fitar. Da biro ake rubutu, kuma ba a gogewa. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu. Ƙarshen kowane wata mutum biyu su ƙirga abin da ke ƙasa su gwada da abin da ke littafi. Mutum biyun nan ba za su zama uwa da 'yarta ba, har abada. Ba don ana zarginsu ba, sai don ranar da kwali ɗaya ya ɓace kada a ce gida ɗaya ne suka rufa wa juna asiri. Wannan ƙa'ida ta shafi kuɗi ma: sa hannu biyu a kan duk abin da zai fita, daga gidaje biyu dabam, kuma kuɗin ƙungiya ba ya kwana a asusun wata.

Shi kansa siton yana da nasa sharuɗɗa. Ba a ajiye buhu a kan siminti, sai a kan katako mai tsawon kamar santimita 15 daga ƙasa, a kuma bar rata tsakaninsa da bango, saboda danshi da ɓera. Sabulu da omo da kananzir ba sa zama kusa da hatsi ko gari, domin abinci yana shan wari, kuma wanda aka kai wa ba zai faɗa ba, zubarwa kawai zai yi. Kowane kaya da ya shigo a rubuta ranar lalacewarsa da babban alƙalami a gaban kwalin, wanda zai riga lalacewa shi ne a gaba, ko da shi ne ya shigo jiya. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotsa a bakin murfi, shara ne. Ba a buɗe shi a ɗanɗana, domin gubar da kan taru a irinsa tana iya kisa ba tare da ta canza ɗanɗano ba. A nan ne iyaye suke jin zafin asara su ce a bayar kawai, ai mabuƙata ne. Yarinyar da ke riƙe da littafi ita ce take da ikon cewa a'a, kuma dole shugabar ƙungiya ta tsaya mata a gaban kowa, ko da uwarta ce take gardamar.

Akwai kaya uku da ba a karɓa don rabo ko da an kawo da zuciya ɗaya. Ragowar magungunan gida, domin ba wanda ya san yadda aka ajiye su ko wanda za su dace da shi. Madarar gwangwani ta jarirai, domin in aka raba ta barkatai uwa takan rage shayarwa, nononta ya ja baya, gwangwani ya ƙare, ga shi wataƙila ruwan da ake damawa ba mai tsabta ba ne. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a kan tallata irin wannan madara, kuma jaririn da yake buƙatarta da gaske ma'aikacin lafiya ne zai tantance shi. Sai zuma a kunshin gidan da ke da jariri, domin ba a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya zuma.

Lissafin rabo ma aikin 'yan mata ne, kuma shi ne yake fara buɗe musu ido. Ma'aunin Sphere, wanda ƙungiyoyin agaji suke aiki da shi, ya sa kalori 2,100 a matsayin abin da mutum ɗaya yake buƙata a rana, kalori kuwa awon ƙarfin da abinci yake ba jiki ne. Giram 100 na busasshen hatsi yana ba da kusan kalori 350. Ke nan giram 400 a rana ya ba da 1,400, kashi biyu cikin uku, sauran ya fito daga wake da mai da makamantansu. A ba yarinya takarda ta buga: gida mai mutum shida zai ci kilo 2.4 a rana, kusan kilo 17 a mako. Ledar kilo biyar ɗin nan da ake ɗauka da hannu biyu ana jin an yi abin kirki, cin kwana biyu ce. Duk yarinyar da ta yi wannan lissafin da kanta ba ta ƙara yarda a raba wa gida ɗari abin da bai isa gida talatin ba don kawai a ce an kai ga mutane da yawa. Kuma da sikeli ake awo, ba da ido ba. Ido yana cika wa na farko, ya tauye wa na ƙarshe. Ma'aunin ya kuma ambaci sabulun wanka giram 250 da na wanki giram 200 ga mutum ɗaya a wata, abin da masu kawo gudummawa suka fi mantawa da shi.

Tufafi ba sai an tsawaita ba. Kashi uku ake yi: wanda za a bayar yanzu, wanda yake son wanki ko ɗinki, da tsumma. Ma'aunin ɗaya ne, in ba za ki iya miƙa wa ƙawarki ba tare da jin kunya ba, to kada ki miƙa wa wanda ba ki sani ba. A lalube aljihu, a duba zif da maɓalli, a duba ɗinki saboda kwarkwata da kuɗin cizo, abin da ake shakka a wanke da ruwa mai zafin digiri 60 a shanya a rana. Kamfai da safa sababbi kawai. A ɗaure takalma ƙafa biyu tun a bakin ƙofa, in ba haka ba ƙarshen rana za a tashi da tulin wari-wari. A jera bisa girma, a bar mutum ya zaɓa da kansa.

Ranar girki ce ranar rigima, kuma a nan ake gane ko ƙungiya da gaske take wajen ba 'ya'ya iko. Girkin mutum ɗari ba girkin gida ba ne da aka ninka. Babbar tukunya tana daɗewa ba ta huce ba, tsakiyarta ya zauna da ɗumi na awanni, kuma tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a dafa abinci ya kai digiri 70, a riƙe shi da zafi sama da 60 har a raba, kada kuma dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a fili. Shinkafa ta fi kowanne yaudara: akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta daɗe da ɗumi ta saki guba, kuma ɗumamawa ba ya kashe gubar. Wanda za a ajiye a juye shi a faranti masu faɗi marasa zurfi don ya huce da wuri kafin a sa a firji. Wuƙa da katakon ɗanyen nama dabam, na ganye dabam. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 a ƙalla. Wadda ta yi gudawa ko amai ba ta taɓa abinci sai ta yi awa 48 da warkewa, ko da ita ce gwanar ƙungiya.

To duk wannan wa zai tsare shi? Yarinya ɗaya, da agogo, da ma'aunin zafi, da takarda. Tana rubuta lokacin da aka sauke kowace tukunya. Sai ka ji 'yar shekara 14 ta matso ta ce, "Umma, tukunya ta biyu ta kusa awa biyu, ko dai a mayar da ita kan wuta ko a raba yanzu." Uwa ta juyo da ludayi a hannu: "Ke, tun ba a haife ki ba nake girki." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar take da wuya. Amma tun da safe an sanar a gaban kowa cewa yau agogo ne alƙali, kuma wance ce take riƙe da shi. In aka bari uwa ta yi nasara sau ɗaya a irin wannan, yarinyar ta gane muƙaminta na wasa ne, ba za ta ƙara buɗe baki ba. In kuwa aka mayar da tukunya kan wuta, to an samu ma'aikaciya. Akan ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Haka ne, sai dai babba ba ya hango digiri 60 da ido.

Ziyarar gidaje ba ta 'yan shekarar farko ba ce. Sai yarinya ta kai kamar 14, kuma ba ta shiga gidan kowa ita kaɗai, ko da ta san gidan. Manya biyu ne a ƙalla a kowace tawaga, kuma akwai wadda ta san inda suka tafi da lokacin da za su dawo. Ziyarar farko hannu sake ake zuwa, don a gaisa a ji buƙata. Sau da yawa abin da aka ɗauka ana so ba shi ba ne: a kai wa tsohuwa buhun abinci, alhali damuwarta wanda zai karanta mata takardar asibiti ko ya ɗebo mata ruwa. A zauna inda aka nuna, kada a tsaya a kan mutum. Minti 30 zuwa 45 ya isa. Kada a yi alkawari, ko na "za mu duba". Mai buƙata ba ya mantawa da "za mu duba", yana ƙirga kwanaki. Abin da ake cewa shi ne, "Kaka, mun rubuta, za mu kai wa shugabanni, ranar kaza za mu dawo da amsa ko wace iri ce." Kuma a dawo ranar, ko amsar a'a ce.

Masu sa kai ba likitoci ba ne, kuma iyaye ne suka fi mantawa da haka. Ba a canza wa kowa magani, ba a ba da na jaka. Abin da za a iya koya daga ma'aikacin lafiya kaɗan ne amma yana ceton rai. Akwai tef ɗin auna damtse na yara 'yan wata 6 zuwa 59: a auna tsakiyar damtse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, asibiti a ranar, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, shi ma a tura. In aka danna bayan ƙafafun yaro biyu na daƙiƙa uku wurin ya lotsa bai taso ba, asibiti, ko tef ya nuna kore, wato lafiya. Ga mai gudawa, fakitin gishiri da sukari na asibiti ya fi, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri, a lita ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika gishiri, wanda yake ƙara wa yaro illa, ko ajiye haɗin ya wuce awa 24. 'Yan mata sun fi iyaye kiyaye awon, domin su ba su da "ai na saba".

Abin da ke faruwa a hanyar komawa gida ya fi ziyarar kanta nauyi, kuma a nan iyaye da yawa suke rushe abin da aka gina. Yarinya ta ga ɗakin da mutum bakwai suke kwana, ta ga sa'arta da ciki ko da goyo, ta ga tsohon da ba wanda ya leƙa shi tun makon jiya. Ta yi shiru. Sai uwa ta ga dama ta samu: "Kin gani ko? Ke kina raina abinci, ga 'ya'yan mutane ko na dare ba su da shi." Da wannan jimla ɗaya an yi ɓarna biyu. An mayar da mutanen da aka ziyarta bulalar horo, an kuma koya wa yarinya cewa duk fitar da za a yi da wa'azi za ta ƙare. Mako mai zuwa za ta ce kanta na ciwo. Abin da ya fi shi ne a bar shirun. In za a yi magana a yi tambaya: me kika lura da shi wanda ni ban gani ba? Sau da yawa amsar tana ba da mamaki, domin yayin da manya suke gaisuwa ita tana kallon ƙasa, ta ga randar ba murfi, ta ga yaron da bai tashi ba tun shigowarsu. Ƙungiya kuma ta ware minti 15 bayan kowace fita, 'yan mata su zauna da babba ɗaya wadda ba uwar kowacce a cikinsu ba ce. In wadda ake ziyarta ta rasu, a gaya wa yarinyar kai tsaye, kada ta ji a bakin wasu, kada kuma a ɓoye mata da sunan tausayi. In kuma yarinya ta ga alamar ana cutar da wani yaro, ba aikinta ba ne bincike, ba kuma na uwarta ba. Akwai mutum ɗaya da ƙungiya ta naɗa, ita ake gaya wa a ranar, ita ta san hukumar da za a kai wa.

Hoto kuwa, a nan laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne. Ana zargin 'yan mata da son waya, amma iyaye ne suka fi ɗora hoton rabo a Facebook da zaurukan WhatsApp, da niyyar jawo masu taimako. Wanda yake jin yunwa, aka riƙe leda a gabansa aka ce "za mu ɗauki hoto", ba zai ce a'a ba, don haka amincewarsa ba amincewa ba ce. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ba yaro haƙƙin a kiyaye sirrinsa, kuma yaron da aka ɗauka yau yana karɓar kwano zai girma, hoton yana nan, 'yan ajinsu za su gani. Waya ma takan liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: wayoyi a jaka lokacin rabo, mutum ɗaya ce mai ɗaukar hoto, kuma kaya take ɗauka, da hannuwan masu aiki, da shafin lissafi. Masu bayarwa na gaskiya rasit da adadi suke so. Wanda ya ce sai ya ga fuskar mabuƙaci kafin ya bayar, a yi masa godiya a bar shi.

Akwai aiki ɗaya da 'ya'ya suka fi iyaye iyawa nesa ba kusa ba, shi ne kunshin tsabtar al'ada. Yarinya 'yar 13 ba za ta gaya wa sa'ar uwarta cewa tana fashin makaranta duk wata saboda ba ta da audugar mata ba, amma za ta gaya wa 'yar 16 cikin minti biyar. Saboda haka iyaye su haɗa kunshi su koma waje. Al'ada takan ɗauki kwana 2 zuwa 7, ana canza auduga duk bayan awa huɗu zuwa shida, ke nan fakiti mai guda takwas ko goma ba ya kai wata ɗaya ga yawancin mata. A lissafa 15 zuwa 20, da kamfai biyu da sabulu, a leda mai duhu wadda ba a ganin cikinta. Mai wankuwa ta fi daɗewa, amma sai inda akwai ruwa da sabulu da wurin shanya a rana. In kunya ta sa ana shanya ta a ƙarƙashin katifa, danshi zai jawo ƙaiƙayi, an gudu ba a tsira ba. Wannan tambayar ma 'yan matan ne suke iya yin ta.

Gajiya tana kashe ƙungiya a hankali, ba a ji ƙararta ba. Sau biyu a wata, awa biyu zuwa uku, ya fi kowane mako da za a yi wata biyu a watse. Watan jarrabawa hutu ne ga 'ya ba tare da an tambaye ta dalili ba, kuma ranar da ta ce ba ta zuwa, ita za ta kira ta faɗa, ta nemo wadda za ta riƙe mata littafi. Uwa ba ta ba da uzuri a madadinta. Faɗan da aka taso da shi daga gida a bakin ƙofa yake tsayawa. In an ga fuskoki a ɗaure, a raba su teburi ranar, ba sai an tambaya ba. Kada a mayar da adadin awanni gasa, domin uwar da take aikin yini ko take da jariri ba za ta kamo mai sarari ba, kuma 'yarta ce za ta ji kunyar. Kalmar uwa ma a buɗe ta. Kaka, inna, gwaggo, yaya, matar uba, mariƙiya, duk wadda za ta tsaya wa yarinya ta isa. Yarinyar da ba ta da ko ɗaya, wata a cikin iyaye ta ɗauke ta, a rubuta, don kada ta zama ta kowa wadda ba ta kowa ba. Ranar 5 ga Disamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa masu aikin sa kai tun 1985, ta dace da zaman shekara: a karanta lissafi a bainar jama'a, kuma 'yan mata ne suke karantawa.

A wannan zaman ne ake miƙa ragama. 'Yar shekara 16 ko 17 da ta bi ta sito, ta bi ta agogo, ta yi ziyara, sai a ba ta rana guda ta tsara daga farko har ƙarshe: ita za ta rubuta jadawali, ta raba mutane, ta lissafa kaya, ta buɗe ƙofa ta kuma rufe. Manya suna nan saboda sa hannu da abin da doka ba ta ba ƙaramar yarinya ba, amma ba sa gyara mata tsari sai in akwai hatsari. Za ta yi kuskure. Takan manta da ledojin zuba kaya, ko ta sa mutum biyar a inda biyu sun isa, layi ya cushe a ƙofa. A bar ta ta gano, ta gyara a zagaye na biyu. Sunan uwarta ma yana cikin jadawalin kamar na kowa, kuma yawanci 'ya'ya ba sa sa iyayensu a wuri mai sauƙi. Sai ka ga yarinya ta zo da takarda a hannu, ta ɗan russuna, ta ce, "Umma, ku ne a wajen takalma yau, ku da Maman su wance. A ɗaure su ƙafa bibbiyu tun a ƙofa." Uwar ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, ta dubi takardar, ta ajiye jakarta a inda ake ajiyewa, ta tambayi inda igiyar take.